Godiya ga injiniyoyin da suka ceto mana imel ɗin kamfani

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da gangan na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole, kuma abin da kuka yi mana ya wuce godiyar waya.

Ranar da abin ya faru, wuta ta ɗauke sabarmu ta Microsoft Exchange, wato kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin kamfani, tana tsaka da rubutu a faifai. Da aka kunna ta, rumbun bayanan ya ƙi tashi. Fayil guda ne tak mai ƙarshen .edb, amma akwatin saƙon kowane ma'aikaci a cikinsa yake, da yarjejeniyoyi da takardun kuɗi da wasiƙun abokan ciniki na shekara da shekaru. Muka garzaya ga ajiyarmu ta ko-ta-kwana, ashe ta daɗe da daina aiki ba mu sani ba, don ba mu taɓa gwada ta ba. Wannan kam sakacinmu ne.

Sai dai abin da na fi gode muku a kai shi ne ƙin bin maganata da kuka yi. Na ji an ce umarnin eseutil /p (eseutil manhajar gyaran rumbun Exchange ce) yana gyara rumbu nan take, na dinga matsa muku ku buga shi mu huta. Shugaban tawagarku ya zaunar da ni, ya ce wannan gyaran yankan ƙauna ne: duk shafin da ya kasa karantawa zubar da shi yake yi, kuma ba a dawo da shi. Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Kafin ku taɓa komai kun kwafe fayil ɗin zuwa wani faifai, a kan kwafin kuka yi aiki. Kun duba bayanan da ke farkon fayil ɗin da eseutil /mh, kuka tarar ba a rufe shi lafiya ba, wato akwai canje-canjen da ke cikin fayilolin rajista (inda sabar ke fara rubuta kowane canji) waɗanda ba su kai ga shiga rumbun ba. Kuka tattaro waɗannan fayiloli masu megabayit 1 kowanne, kuka tabbatar babu giɓi a jerinsu, sannan kuka sake karanta su cikin rumbun da eseutil /r. Rumbun ya tashi.

Da kuskure mai lamba -1018 ya bayyana, alamar wani shafi ya lalace a faifai, ba ku rufe mu ba. Kun kwashe akwatunan zuwa sabon rumbu a sabon faifai, kuka miƙo mana jerin 'yan saƙonnin da suka salwanta domin mu nemo su daga waɗanda suka aiko.

Yanzu duk ƙarshen wata muna gwada dawo da ajiyar, kamar yadda kuka koya wa ma'aikacinmu. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Manajan gudanarwa, a madadin dukkan ma'aikata