Minti shida kacal kuka ba darakta, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya iyali.

Gaskiya tun daren Asabar ɗin nan raina yake a ɓace, na so in haɗiye abin in yi shiru amma ya ƙi haɗiyuwa, shi ya sa na ce bari dai in rubuto muku. Sati guda cur kuna ta sanarwa wai za ku kawo wani daraktan fim ɗin Hausa a yi hira ta musamman kan fina-finan ban tsoro, ni kuma na ɗauki maganar da gaske, na rufe shago da wuri ga ɗinkin mutane jibge ana jira, na kira abokaina biyu da muke wannan harka ta kallo tare tun muna yara, muka zauna muka kunna rediyo. Na duba agogo lokacin da baƙon ya fara magana, na sake dubawa lokacin da aka sallame shi. Minti shida. Wallahi minti shida, a shirin awa ɗaya.

Kuma a cikin minti shidan ma me aka tambaye shi? Kana da aure ko kana nema. An ce kun samu saɓani da jarumar fim ɗin, gaskiya ne. Kai ma kana tsoron aljanu kuwa. Haba Malam! Mutumin nan ya fara bayanin yadda ya ɗauki fitowar kangon nan ta cikin fim ɗinsa da daddare bayan janareta ta mutu musu, ya ce da fitila ɗaya suka ƙarasa aikin kuma hakan ne ya sa wurin ya fi ba da tsoro, ni har na gyara zama na ce yauwa yanzu aka zo wurin, sai kawai mai gabatarwa ya katse shi da cewa lokaci ya ƙure. Lokacin da ya ƙure ɗin kuma sai ga shi an samu kusan minti 15 na gaishe-gaishe. Ba na raina gaisuwa, zumunci ne, amma kuna da shirin gaisuwa kullum.

Abin da ya ƙarasa ƙona min rai shi ne da aka sako sautin Purana Mandir, tsohon fim ɗin Indiya na ban tsoro, mai gabatarwa ya fashe da dariya yana cewa wai fim ɗin fuskar roba ne da jan fenti, wai mu dai da can ba mu waye ba ne shi ya sa yake ba mu tsoro. Ya ambaci jarumi ya ambaci jaruma, amma har aka rufe shirin bai faɗi sunan waɗanda suka yi fim ɗin ba ko sau ɗaya. Tulsi Ramsay da ƙaninsa Shyam Ramsay su ne daraktocin, a 1984 ya fita. Dan Allah a gaya masa.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na kalli fim ɗin nan, a wani gidan kallo can ƙarshen layinmu, kaset ne na bidiyo da ya sha kallo har hoton yana rawa, talabijin ɗin a ɗaure cikin keji a sama, mu yara a ƙasa kan tabarma manya a benci. Babu fassara lokacin, ba mu jin Indiyanci sai 'yan kalmomi da muka tsinta, amma duk wanda yake ɗakin nan ya gane cewa an fille wa Saamri, mugun fim ɗin, kai, an binne gangar jikin wuri daban an kulle kan wuri daban, kuma kafin a kashe shi ya yi wa gidan sarkin baki cewa duk 'yarsu mace za ta mutu wurin haihuwa. Da aka zo wurin da idanun nan suke fitowa, da wannan kiɗan mai kama da kukan mutane daga nesa, ɗakin da ake ta surutu da cin gyaɗa ya yi tsit kamar ruwa ya ci mu. Hanyar gidanmu kuma ta gefen katangar maƙabarta take bi. Yayana ya riƙe hannuna muna tafiya muna karanta duk addu'ar da muka iya, kuma na ji hannunsa shi ma yana rawa alhali ya ba ni shekara biyar. Na yi kwana da kwanaki ban yarda an kashe fitilar ƙwai a ɗakinmu ba. To wanda ya iya sa ɗaki guda na 'yan Kano da ba su jin yarensa su yi tsit haka, daga Bombai, da kyamara da haske da sauti kawai, shi ne za a yi wa dariya a rediyo? Wannan gwani ne a sana'arsa, ko ana son irin fim ɗinsa ko ba a so.

Mu nan mun iya ba jarumai kirari, Dharmendra sarkin ƙarfi, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin, kowa ya san su. Amma ka tambayi mutum wa ya ba da umarnin fim ɗin da ya hana shi barci sai ya tsaya yana kallonka. Ni ma haka nake sai da waya ta zo hannuna na fara sayen datar dare ina bin tsofaffin hirarraki da rubuce-rubuce a kansu, abokina da ya fi ni Turanci yana fassara min inda ya gagare ni. A nan na san cewa su Ramsay ɗin nan su bakwai ne 'yan gida ɗaya, babansu ya taso daga Karachi lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, ya buɗe shagon rediyo a Lamington Road a Bombai, daga baya ya shiga harkar fim. Ya yi wani fim a 1970 da bai yi kasuwa ba, ya tafka asara, amma yaran da suka shiga sinima suna kallon 'yan kallo sai suka lura akwai wuri ɗaya da mutane suke zabura suna tafi, inda jarumi Prithviraj Kapoor ya sa wata mummunar fuska ya shiga sata. Daga nan suka ce wa baban nasu ai ga abin da mutane suke so. Ka ji fa, daga zama a kalli 'yan kallo aka haifi sana'ar gida guda.

Fim ɗinsu na farko na ban tsoro, Do Gaz Zameen Ke Neeche na 1972, a cikin kwana 40 suka ɗauke shi a garin Mahabaleshwar na Indiya da mutum kamar 15, kuma kusan komai a cikin gida aka raba, Kumar yana rubuta labari, Gangu yana kan kyamara, Kiran yana kan sauti, Arjun yana haɗa hoto, Keshu yana kula da sha'anin shiryawa, Tulsi da Shyam suna ba da umarni. Da tsakar dare suke sa tallan fim ɗin a rediyo, lokacin da mutum yake kwance shi kaɗai cikin duhu. Ku da kuke aikin rediyo ai ko wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi magana a kai. Ni da nake tela na san abin da ake nufi da 'yan gida ɗaya su riƙe sana'a, wani yana yanka wani yana kan keke wani yana guga, kuma na san ba kayan aiki masu tsada ne suke fitar da riga ba, hannu ne.

Sannan maganar fuskar roba. Wanda ya fito a Saamri sunansa Anirudh Agarwal, injiniya ne ma ya karanta a garin Roorkee na Indiya, dogo ne sosai, kuma wata lalura ce ta sa ƙirar fuskarsa da jikinsa suka zama haka, kwalliyar da ake masa ba ta da yawa. Yawancin abin da muka gani muka firgita fuskar bawan Allah ce da dabarar inda aka ajiye fitila da inda aka kafa kyamara. Da mai gabatarwa ya yi bincike na rabin awa da bai yi wannan dariyar ba. Tulsi ya rasu a Disambar 2018, Shyam ya bi shi a Satumbar 2019, ban ji ko a shiri ɗaya na nan an ce uffan ba, alhali mutanen nan har talabijin suka shiga da Zee Horror Show tun 1993 suka shekara da shekaru suna yi.

Abin da nake so ku gane shi ne irin waɗannan bayanai ba sa fitowa a minti shida. Sai an zauna da mutum ya saki jiki, an bar shi ya yi shiru ya tuna, an sake tambayarsa to daga nan sai me ya faru. Darakta Wes Craven na Amurka, wanda ya ƙirƙiro Freddy mai farata, dodon fim ɗin ban tsoro da ke kashe mutane cikin mafarki, a 1984, a doguwar hira ne ya ba da labarin inda abin ya samo asali, ya karanta ne a jaridar Los Angeles Times yadda wasu samari 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya suke mutuwa cikin barci, har da wani da ya ƙi yarda ya runtsa kwana da kwanaki saboda ya ce in ya yi barci wani abu zai kama shi, iyayensa suna lallashinsa, ranar da barci ya ɗauke shi suka ji ihu cikin dare, kafin su isa ya cika. Ranar da na ji wannan tsikar jikina ta tashi, sabida duk Bahaushen da dannau ya taɓa dannewa ya san wannan tsoron, ka farka kana jin komai amma ka kasa ɗaga ko ɗan yatsa. Ko jan da koren rigar Freddy ma da gangan ya zaɓe su don ya karanta cewa launukan biyu suna wahalar da ido in an haɗa su. Wa zai gaya maka wannan in tambayarka ita ce kana da aure? Shi kuwa darakta François Truffaut na Faransa kusan sati guda ya yi yana zama da shahararren darakta Alfred Hitchcock a 1962 yana masa tambayoyi fim bayan fim, har yau ɗaliban fim suna karanta hirar nan.

Ban ce ku yi sati guda ba. Awa ɗaya muke roƙo. Baƙon da kuka kawo ɗan gida ne, da Hausa zai yi magana ba sai an fassara ba, kuma irin fim ɗin da ya zaɓa ya fi kowanne wuya a wurinmu, domin ga ƙarancin kuɗi, ga masu tace fina-finai, ga jama'a da wasu suke ganin bai ma kamata a taɓa zancen aljanu da maita a fim ba, wasu kuma da sun ga hayaƙi da jan ido sai su fara dariya. Ni da zan samu zama da shi zan tambaye shi tatsuniyar da kakarsa ta yi masa wadda har yau take dawo masa, ta Dodo ce ko ta wata inna mai shan jini. Zan tambaye shi me ya sa bai nuna fuskar abin ba sai can ƙarshe, rashin kuɗi ne ko dabara. Wa ya haɗa masa sautin nan mai kama da jan ƙafa a kan yashi, da me aka yi shi. Ya aka yi masu unguwar suka yarda aka ɗauki fim a kangon nan cikin dare, kuma akwai wanda ya gudu daga lokeshan? Malamai sun yi masa magana, me suka ce, me ya amsa? Wace fitowa ce aka sa shi ya cire wadda har yanzu take masa ciwo? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a yi masa ba. Mutum ya baro harkokinsa ya zo har gidanku, na tabbata ya shirya abin da zai faɗa, aka mayar da shi kamar wanda ya zo tallan kati.

Kuma tunda na riga na rubuto bari in faɗi wannan ma. Dan Allah ku duba ƙarar tallan maganin gargajiyar nan da kuke sawa a tsakiyar shirye-shirye. Mutum ya daidaita rediyonsa yana sauraro a hankali yara suna barci, sai kawai tallan ya faso kamar an buɗe lasifikar tasha, ranar Asabar ɗin sau huɗu aka sako shi kuma sau huɗu ina tsalle ina rage murya, ƙaramar 'yata ma sai da ta farka. Ga kalmomin da ake faɗa a ciki, ba na jin akwai mai son ya ji su yana zaune da surukinsa ko da 'ya'yansa. Layin wayarku kuma na kira ya fi sau goma a daren nan, sau biyu ya shiga ya ci min kati ba wanda ya ɗauka.

Na san mai gabatarwar yaro ne mai ƙoƙari, ina jin sauran shirye-shiryensa kuma ina jin daɗinsu, ba so nake a ci masa mutunci ba. A ba shi lokaci ya kalli fim ɗin baƙo tun daga farko har ƙarshe kafin ranar hira, don a yadda na ji tambayoyin nan ban yi zaton ya kalla ba. Ku sake gayyato daraktan nan, ku ba shi haƙuri, ku bar masa awa ɗayan gaba ɗaya ba gaisuwa ba kiran waya sai a minti goman ƙarshe, kuma a fara daga inda aka katse shi, daga lokacin da janareta ta mutu. In kun sa rana ku sanar da wuri, zan sake rufe shago.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai sauraronku na kullum,
wani tela daga Fagge, Kano