Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Chadi Mahamat Idriss Déby Itno kan Baƙar Alhamis

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ni ɗan kasuwa ne a Dembe, nan Njamena. Ranar Alhamis 20 ga Oktoban 2022 ban buɗe rumfa ba. Tun da sassafe muke jin harbi ta wajen Chagoua da Moursal, hayaƙin taya ya turnuƙe sama, kafin magariba aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe shida. Ba labari aka ba ni ba. Amma yau in na ɗauko zancen a teburin mai shayi, sai wani ya dube ni ya ce 'yan adawa ne suka hure mini kunne. Na gefensa ya hayayyaƙo, ya ce gwamnati ce ke raina wa mutane hankali. Shayi ya huce, kowa na zargin ɗan'uwansa da son mai da shi mahaukaci, mamatan kuwa ba wanda ya kira sunan ko ɗaya.

Wannan rainin hankalin daga sama ya gangaro, shi ya sa na rubuto maka.

Ka fi ni sanin abin da ya fito da mutane. A Afrilun 2021, bayan rasuwar mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, an yi mana alkawarin riƙon ƙwarya na wata 18. Ranar da wa'adin ya cika ne aka fito zanga-zanga, don an ƙara shekara biyu. Da yammacin ranar Firaminista Saleh Kebzabo ya ce an rasa rai kusan 50. Daga baya gwamnati ta ce 73. A Fabrairun 2023 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda ba ta 'yan adawa ba ce, ta ƙirga 128. Tsakanin 73 da 128 akwai mutum 55, ranka ya daɗe. Kowannensu uwa ce ta haife shi. Ina suka shiga? Kafin a amsa, sai ga dokar afuwa a Nuwamban 2023 ta lulluɓe kowa, wanda ya yi harbi da wanda aka harba. An ce don sulhu ne. To wane sulhu ake yi a kan abin da ba a ma yarda ya faru ba?

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu mai tuyar ƙosai. Ɗanta ya fita ran nan bai dawo ba. Da aka kwashi mutane sama da 600 zuwa gidan yarin Koro Toro, can cikin hamada, ta sa rai yana ciki. Aka sako waɗanda aka sako, ba shi. Yanzu masu ba ta haƙuri cewa suke ƙila ya tsallaka Kusiri ta Kamaru, ko ya bi 'yan haƙar zinariya arewa. Har yau takalmansa na ƙofar ɗakinsa. Ba ta yi masa sadakar uku ba, ba ta yi ta arba'in ba, don ba ta san ko ta ce Allah Ya jiƙansa ko Allah Ya dawo da shi ba. Rannan ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko ita ce ta fara ruɗewa. Wallahi kasa amsa mata na yi.

Ban wanke ɗaya ɓangaren ba. An kashe jami'an tsaro a ranar, an cinna wa ofishin jam'iyyar Kebzabo wuta, kuma ɗan adawar da ya musa haka shi ma hankalinmu yake rainawa. Sai dai rajistar asibiti da ta gidan yari ba a hannunsa suke ba. A hannunka suke. Na bar zancen kisan ɗan adawa Yaya Dillo a Fabrairun 2024 da binciken da aka ce za a yi, wannan na wata ranar ne.

Don girman Allah, ka sa a fitar da sunaye. Na Njamena, na Moundou, na Doba, na Koumra, farar hula da masu kaki, a karanta su a rediyon ƙasa da Larabci da Faransanci da Ngambay, kowa da inda aka binne shi. Wanda ba a san makwancinsa ba, a faɗa a fili cewa an neme shi an rasa. Ka yafe wa wanda ka ga dama, ikonka ne. Ita dai mai ƙosan nan a gaya mata ko ta kira malamai su yi wa ɗanta addu'a.

Naka,
wani ɗan kasuwar Dembe, Njamena