Amsa ga ɗan'uwana da ya ce Goltzius ɗan kwafi ne kawai

Salamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a wai me ya sa nake ta zuzuta Hendrick Goltzius, mai sassaƙa zanen da ake bugawa a takarda, mutumin Holan da ya mutu tun 1617, alhali a cewarka ba abin da ya iya sai kwafin aikin wasu. To gaskiya ban yarda ba ko kaɗan.

Ka fara sanin aikin tukuna. Farantin jan ƙarfe ake ɗauka, a dafe wani ɗan ƙarfe mai tsini a tafin hannu ana tura shi yana yankan layi ɗaya bayan ɗaya, kuma a juye ake zanen saboda in an shafa tawada an danna takarda dama ce ke komawa hagu, in hannu ya goce kuwa gyara sai an sha wuya. Shi fa mutumin nan tun yana jariri wuta ta ƙone masa hannun dama, yatsun suka ƙandare. Da wannan hannun ya zauna a birnin Haarlem na Holan tun 1577 yana sassaƙa, har a 1588 ya zana hannun nasa yadda yake bai ɓoye komai ba, zanen yana nan a gidan tarihi na Teylers.

Layinsa ma daban ne, ya faro siriri kamar gashi ya yi kauri a tsakiya ya sake sirancewa, in ya gitta su sai ka ga tsoka ta taso, ba launi ko ɗaya.

Maganar kwafi kuma, na san inda ka samo ta. Bayan ya dawo daga Italiya, a 1593 zuwa 1594 ya yi zane shida kan rayuwar Nana Maryam, yana bin salon manyan da suka gabace shi irin su Dürer na Jamus da Lucas van Leyden. Amma tsarin hotunan nasa ne, salon kawai ya ara. Abokinsa Karel van Mander ya rubuta a 1604 cewa ya cire alamar sunansa daga bugu ɗaya, ya turara takardar da hayaƙi ta yi kamar tsohuwa, masana suka saya da tsada suna cewa ai na Dürer ne, waɗannan da suke cewa ba wanda zai kamo ƙafar na da. Haba ɗan'uwa, wanda bai iya ba zai yi wannan?

Wajen 1600 ya ajiye sassaƙa ya koma zanen fenti, ɗan matarsa Jacob Matham ya ci gaba da shagonsa na buga zane, ga kuma irin su Saenredam da de Gheyn da suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka yi suna.

Don Allah ka nemi zanensa na gunkin Hercules, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, da ya gani a birnin Rum, wanda ya zano ta baya mutum biyu na tsaye a ƙasa sun ɗaga kai suna kallo, ka zuƙo hoton daidai kafaɗa ka bi layukan da ido, sannan ka dawo mu ci gaba da gardamar.

Naka har kullum.