Juyen baƙin mai ba sai an je garejin kamfani ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan motoci, musamman ma'aikata irina da albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haye 1,000, kowa ya koma lissafin abin da mota ke ci. Sai dai lissafin namu a gidan mai yake tsayawa. Kuɗin da ke zurarewa ta hanyar sabis da ƙananan gyare-gyare ba mu cika waiwayarsa ba, alhali da yawansa aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa da safiyar Asabar.

Ni malamin sakandare ne a Kano, motata kuma Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano kamar ta yawancin mutane. Ba na ƙin garejin kamfani. Wanda ya sayi mota dal a leda, tana da garanti, wajibi ne ya riƙa kai ta can, domin in ya bari wani ya taɓa ta yana iya rasa garantin. Suna da na'ura, suna rubuta duk abin da aka yi wa mota, kayansu kuma na asali ne. Amma mu nawa ne ke hawa irin waɗannan motoci? Motar da ta shekara ashirin tana yawo, ta tsallako teku daga Amurka ko Turai, babu garantin da ya rage mata. Kai ta garejin kamfani don juyen baƙin mai kawai, kuɗin aikin ma kaɗai ya isa cefanen kwanaki.

Shi juyen baƙin man me ya ƙunsa? Sifana mai lamba 14, roba ta tarar tsohon mai, sabuwar filta, da galan ɗin mai kimanin lita 4. A ɗan ɗuma injin, a kashe, a kwance noti na ƙasa, a bari man ya tsiyaye, a sauya filta bayan an shafa wa robar bakinta ɗan mai, a ɗaure, a zuba sabo, a duba da sandar gwaji. Abin da ya fi sauƙin kuɗi muhimmanci a wurina shi ne na san abin da ya shiga injina. Kasuwarmu cike take da jabun mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ma ta sha kama irinsa. In ka miƙa wa yaron gareji kuɗi ka ce ya sayo, ka tafi wurin aiki, ba ka da tabbas. Ni da kaina nake saye a gidan mai da na yarda da shi, in duba murfin ba a taɓa fasa shi ba.

Sannan akwai maganar kaurin man. A kan murfin injin Corolla tawa an rubuta lambar kaurin man da ya dace da shi, 5W-30, ɓaro-ɓaro. Amma kusan duk garejin bakin titi da ka shiga 20W-50 za a ce ka zuba, wai ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi. Wannan shawara ta dace da zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna. Injunan zamani hanyoyin mansu matsattsu ne, mai kauri ba ya isa ko'ina da wuri idan aka tayar da mota da sassafe, a lokacin ne kuma inji ya fi cin kansa. Ga wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: motar da aka shigo da ita daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Mil 5,000 kuwa kilomita 8,000 ne. Mutum sai ya ɗauka yana kan ƙa'ida alhali ya zarce da nisa. Da ƙurarmu da cunkoson Kano, ni ba na bari in wuce kilomita 5,000, ko wata shida in ban yi tafiya sosai ba.

Filtar iska ko sifana ba ta buƙata, maƙalai ne ake ɓallewa da hannu, kuma lokacin hunturu ta fi komai saurin toshewa. Iskar taya ma haka. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai nuna adadin da ya dace, a irin motata wajen 30 ne, amma mai faci sai ya buga 45 ko 50 ya ce ta fi ƙarfi. Tayar ta cinye ta tsakiya, birki ya rage kamawa. Ɗan ma'aunin iska da zai zauna a aljihun mota ya raba wannan gardama. A gefen tayar kuma akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Duk mai sayen tayar gwanjo ya kamata ya iya karanta su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lagireto. Muna ɗura mata ruwan rijiya ko na leda, ya yi tsatsa ya toshe hanyoyi, mota ta fara zafi. A kai ta gareji, maimakon a wanke a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, sai a cire tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. An taɓa yi wa wani abokin aikina haka ba tare da an gaya masa ba, ya daɗe yana mamakin yadda motar ta koma shan mai. Injin da bai kai zafin aikinsa ba dole ya ƙara shan fetur.

Kada a ce ina zuga mutane su raina kanikawa. Akwai gwanaye a Kwakwaci da Kofar Ruwa a nan Kano da Panteka ta Kaduna waɗanda jin ƙarar inji kaɗai ya ishe su gane ciwo. Birki, giya, wayarin, ƙafar mota, duk wannan a bar wa masu shi, a kuma biya su haƙƙinsu ba tare da ƙwauro ba, domin araha ba ta ado. Ni man birki iyakata in duba matakinsa, ba na kwance komai a wurin, rayukan iyalina ne a kai. Amma mai motar da ya san kayansa, ko ya je wurin bakanike zancensu daban ne: ya san tambayar da zai yi, ya kuma nemi a nuna masa tsohon kayan da aka cire.

Ga mai son farawa, ina roƙonsa da Allah kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da abin da ba zai goce ba, kuma a kan daɓe mai ƙarfi. Kada ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka a kai wa masu saye, kada a tuttular a kwata, don ƙarshensa ruwan rijiyoyin unguwa yake gurɓatawa.

Roƙona gare ku, Edita, ku ware wani ɗan shafi ko sau ɗaya a wata inda ƙwararren bakanike zai riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, domin littafin da ke zuwa da mota da Turanci yake, yawancin motocin Kwatano ma babu shi suke iso mana. Makarantun koyon tuƙi kuma, tunda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ce ke tantance su, a sa su koya wa ɗalibi duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya kafin a ba shi takardar shaida.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Kano.