Gaisuwar Sallar layya daga Tamanrasat

Assalamu alaikum Inna,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan saƙon ya iso kafin kasuwar Matamaye ta ci, kuma an samu abin yankawa. Mu nan karo-karo muka yi da 'yan ɗakinmu muka sayi akuya, don rago a Aljeriya sai mai hali.

Auta ya faɗa mini abin da Kawu ya ce, wai duk wanda ya tafi Aljeriya shi ya zaɓar wa kansa, kada a tausaya masa. Kawu uba ne, ba zan yi jayayya da shi ba. Ke dai nake son ki ji ta bakina.

Kin san gonar da ta rage mana bayan rabon gadon Baba. Geronta ba ya kai mu bazara, rumbu ya koma fayau, sai cin bashi tiya-tiya har kaka. Ɗan Kawu da ya gama makaranta, tambayarsa aka yi: jami'a a Yamai, ko shago a Damagaram? Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Bashi ne a bayana, motar Agadas a gabana. In wannan ma zaɓi ne, to ai kaza a hannun mai wuƙa ma tana zaɓar gefen da za ta kwanta.

Ki tuna 2013, da ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara, kuma akasari 'yan yankinmu na Kance. Wace uwa ce za ta goya ɗanta ta shiga wannan rairayi don marmari?

Ban ce ba ni da hannu a lamarina ba. Malamai sun ce Allah ya ba bawa zaɓi kuma zai tambaye shi, na yarda. Akwai sa'o'ina da talauci bai raga musu fiye da ni ba, suka zauna suna noman rake a fadama. A nan ma kullum ina zaɓa: in ɗauki siminti a wurin gini ko in yi bara, in aiko kuɗi ko in cinye. Sai dai filin da mai hali yake juyawa ba irin namu ba ne.

Yanzu maganar Auta. Ya ce bayan Sallah zai biyo ni. Kame ya yi yawa, Inna. Wanda aka kama, a bakin iyaka ake sauke shi, ya taka kilomita kusan 15 zuwa Asamaka, sau da yawa ba waya ba kuɗi. Ban hana shi ba, don ban da bakin hanawa. Amma ina tara kuɗin injin ban-ruwa, in Allah ya yarda zai iso kafin sanyi. Ya gwada lambu rani ɗaya. In ya ga injin a gabansa kuma ya ce sai tafiya, lokacin maganar Kawu za ta hau kansa.

Ki gaishe da Kawu da kyau, ki kai masa cinya. A sa ni a addu'a.

Ɗanki