Mamana, jan furen nan na waye?

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu ya sanyin Samaru, Allah yasa kina saka rigar sanyin nan kafin ki fita lakca da safe. Na kira wayarki bata shiga shi yasa na zauna na rubuta, ki karanta a natse dan Allah kar ki ce Umma ta fara.

Gwaggonki ce ta turo min zanen da kika ɗora a status, damin fulawar nan. Sai da na ɗauko tabarau na ƙara girmansa na duba shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye miki ba yayi kyau sosai tabarakallah masha Allah. Naga furen auduga da kika rubuta Abba a ƙasansa, har kin yi wani fari-fari wani ya fara komawa ja-ja yanda yake yi idan ya kwana a gona, wallahi da na nuna masa shiru yayi yana kallo. Naga na yakuwa da sunan marigayiya Hajiya, nan kam sai da nayi hawaye, Allah ya jiƙanta. Nawa furen lalle, na Auta wannan babban mai bin rana. Kowa da sunansa a ƙasa.

Toh sai jan rose ɗin dake tsakiya, wanda ya fi kowanne girma, babu suna babu komai. Na waye?

Kar ki ce min cike gurbi kika yi, ni ba yarinya bace kuma aikin nan a gabana kika koye shi tun kina fiƙe fensir da rezar Abbanki kina zubar min da dattin akan tabarma. Nasan fensir mai kala ba kamar fenti bane da za'a shafa sau ɗaya a wuce, sai kin fara da mai haske a hankali ki dinga ɗorawa kaɗan-kaɗan, kuma ja mai duhu irin wannan baya fitowa a zama ɗaya, sai an shimfiɗa ruwan ɗorawa a ƙasa a bi da ruwan lemo sannan ja akan ja, a saka ɗan shuɗi a lungun da inuwa take, a ƙarshe a danne hannu har takardar ta fara sheƙi, ke kika koya min duk wannan kina min surutu ina tankaɗe. Kuma ke kika ce in ya zauna kilina bata fitar da shi duka, shi yasa ba'a fara shi da wasa. Furen lallena 'yan ɗige-ɗige ne, ba ƙorafi nake ba haka Allah ya halicce shi, amma rose ɗin nan ko makaho ya shafa yasan an hana ido barci akansa. Da kwalin Faber-Castell ɗin da na fasa adashina na saya miki kika yi shi ko?

Kuma da bakinki a hutun da ya wuce kika zaunar da ƙannenki kina basu labarin Turawan Ingila na zamanin Sarauniya Victoria, wai da fulawa suke aika saƙon da baki ya kasa faɗa har littattafai suka buga na ma'anar kowane fure, jan rose soyayya, mai ruwan ɗorawa kishi. Ina kicin amma kunnena na wajenku. Dan haka wanda yasan wannan ba zai zana shi a tsakiyar iyayensa haka kawai ba, har saman Hajiya kika ɗora shi.

Mamana ni na tsaya miki kika tafi karatun nan, kin manta? Ranar da Baffa ya zo yana cewa zane haramun ne kuma 'ya mace bata da abin yi a sashen zane na ABU, duk gidan kowa sunkuyar da kai yayi. Ni na yafa mayafi naje wajen Malam, shi ya karanto min maganar Ibn Abbas dake cikin Bukhari da Muslim, da mai sana'ar zane ya zo masa ya ce in dai dole sai kayi toh ka zana bishiya da abinda bashi da rai. Da wannan na rufe bakin kowa, na ce 'yata fure take zanawa da ganye. Har yau Baffa baya sakin fuska dani. Yanzu kuma furen ne zai zama hanyar da za'a ce ai dama mun faɗa? Gwaggonki da ta turo min ba dan ta yaba ta turo ba, ƙasan hoton tambaya ta saka, kuma kinsan kafin ya iso wayata ya zaga gidaje.

Abinda ya samu 'yar gidan Kawu baki manta ba, kina aji uku lokacin. Ita ma babu wanda ya san da kowa sai da magana ta lalace. Tun jiya in na rufe ido ita nake gani, na kasa cin abinci, Abbanki na tambaya na ce masa kaina ne ke ciwo. Ba zan iya ɗaukar irin wannan ba wallahi, ba zan iya ba. Idan har kin kai matsayin da zaki ɓoye min mutum ki nuna wa duniya furensa toh kin bani kunya kuma kin raina wahalata.

Ban ce so laifi bane, shekarunki sun kai, ni a shekarunki ina goye da yayanki. Ɓoyon ne ke tsorata ni. In akwai wani ki faɗa min ni kaɗai tukuna, ɗan waye, me yake karanta, yana sallah? In mutumin kirki ne ai baya tsoron ƙofar gida, ya turo manyansa wajen Baffa ni zan san yanda zan shawo kan Abbanki. In kuma babu kowa aikin aji ne aka baku, ki ce min haka in yarda dake dan baki saba min ƙarya ba.

Ki sauke shi daga status ɗin yau, amma kar ki yaga, ki saka shi tsakanin kwali kar ya lanƙwashe ki taho min da shi in kin zo, ina son na Hajiya. Na ba direba yaji da ƙuli-ƙuli da kuɗin takardar zanen da kika ce ta ƙare. Ki kira ni bayan isha'i lokacin Abbanki yana masallaci, ina nan riƙe da wayar. Allah yayi miki albarka.

Ummanki