Yaro ba aku ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a? Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abun da ke raina game da yadda yara ke koyon magana, dan har yau ina jin wasu abokan aikina malamai na cewa wai yaro kwaikwayo ne kawai, abun da ya ji shi yake maimaitawa kamar aku.

Wannan magana tana da asali fa. Tun muna kwalejin horon malamai aka koya mana ra'ayin wani Ba'amurke B. F. Skinner na jami'ar Harvard, mutumin da ya yi suna wajen gwaji da ɓeraye da tantabaru, in dabba ta yi abun da ake so sai a ba ta abinci har abun ya zame mata jiki. A 1957 ya fitar da littafi ya ce harshe ma haka yake, yaro ya ce "ruwa" a miƙo mai ruwa, ya ce "Baba" gida ya kaure da shewa ana tafa mai, to daɗin da ya ji shi zai sa gobe ya ƙara faɗa. Kuma gaskiya ban ƙi ta tashi gaba ɗaya ba, gaisuwa dai haka muke koyar da ita, "ka ce ina kwana", ya faɗa a ce yauwa yaron kirki.

Amma ranar hawan sallah da ta wuce ina saɓe da 'yata mai shekara uku a kafaɗa muna kallo, mahaya na wucewa ƙura ta tashi, kawai sai ta hau ihu tana nuni "Umma ga dokoki, ga dokoki!" Wata tsohuwa a gefenmu dariya har da riƙe ciki, ta ce yarinya dokoki ai suna kotu. To Malam Edita a bakin wa ta ji wannan? Kaf gidanmu dawaki muke cewa, ba wanda ya taɓa ba ta alawa dan ta ce dokoki. Ta ji mota motoci, taga tagogi, sai ta ɗauki doki ta ɗinka mai irin rigar da kanta. Na gyara mata ya fi a ƙirga, ta ce dawaki, anjima kaɗan ta koma dokokinta.

Irin wannan gardamar ce masanin harshe Noam Chomsky ya tayar a 1959 da ya yi wa littafin Skinner raddi, ya ce yaro na haɗa jimlolin da bai taɓa ji ba, lada da kwaikwayo kaɗai ba za su kai shi nan ba. Daga baya wani mai bincike kan maganar yara, Roger Brown, da abokiyar aikinsa suka duba hirar iyaye da yaransu, a 1970 suka nuna iyaye sun fi gyara magana in ba gaskiya ba ce, nahawu kuwa ba kasafai suke kulawa ba, amma yaran su tashi da harshe daram.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana dungure wa ɗan aji ɗaya kai dan ya karya jam'i, wai kar ya saba. Ita dai tawa yanzu ta fara cewa dawaki ba tare da an matsa mata ba, sai dai jiya na ji tana ƙirga "mutumomi" a ƙofar gida.

Na gode.

Wata malamar firamare, daga Zariya